Abin da Gyaran Shafin Manoma Ya Koya Mini

Yawancin shafukan intanet na ƙungiyoyi da makarantu da ƙananan kamfanoni a ƙasarmu, mutum ɗaya ake gina wa su: shugaban da ya sa hannu a takardar biyan kuɗi. Ana nuna masa aikin a babbar kwamfuta cikin ofis, hotuna na zamewa ɗaya bayan ɗaya, tambarin ƙungiya na sheƙi a sama, ya ce madalla, a sallami wanda ya gina. Mutumin da aka ce dominsa aka yi shafin ba ya cikin ɗakin a ranar, kuma ba kasafai ake zuwa a tambaye shi daga baya ba.

Na yi shekaru ina kula da shafin wata ƙungiya a Zariya, wadda ke rubuta bayanan noma da kiwo da Hausa, tana kuma ɗaukar matasa horo. A gine na gaje shi. Bayanan da ke ciki masu inganci ne, domin malaman gona da suka san aikinsu ne suka rubuta su. Sai dai akwai baƙi uku da ba sa iya kaiwa gare su: makahon da manhaja ke karanta wa allo, manomi mai ƙaramar waya da ɗan guntun data, da kuma injin binciken Google da ke zagayawa yana tattara shafuka. Da farko na ɗauka ayyuka uku ne ke gabana. Sai da aiki ya yi nisa na fahimci cewa gyaran da ya buɗe wa ɗayansu ƙofa, shi ne dai ke buɗe wa sauran biyun.

1. Abin da kake so a karanta, rubuta shi da haruffa na gaskiya.

Mu mutanen fosta ne, kuma WhatsApp ya ƙara ɗora mu a kan haka. Idan za a yi horo, sai a sa yaro mai iya zane ya haɗa fosta mai launi, ya zuba rana da wuri da lambar waya da sharuɗɗan shiga duk a cikin hoton, a ɗora a shafi. Jagororin noma kuwa an buga su a takarda tun da can, sai aka ɗauki hoton kowane shafi aka haɗa su a PDF. A idon mai gani wannan rubutu ne. A wajen na'ura hoto ne kawai, babu bambanci tsakaninsa da hoton saniya.

Abin da ke biyo baya yana da yawa. Manhajar karanta allo idan ta iso kan fostar sai ta ce hoto, ko ta karanto sunan fayil mai lambobi, ta wuce. Mai gani ma ba zai iya latsa lambar wayar ya kira ba, sai ya nemi biro ko ya haddace ta. Dattijon da idonsa ya fara rauni idan ya faɗaɗa hoton, rubutun ya dushe, ya riƙa jan allo dama da hagu a kowane layi har ya ɓata inda ya tsaya, alhali rubutu na gaskiya idan aka ƙara masa girma, da kansa yake naɗewa ya dace da faɗin allon. Google yana iya shiga PDF mai haruffa na gaskiya, yana kuma ƙoƙarin tsinto rubutu daga hoto, amma wannan ba abin da za a dogara da shi ba ne, balle ga Hausa mai ƙugiya da aka ɗauka daga takardar da ta sha ƙura.

Maganin ba shi da daɗi ko kaɗan. Zama muka yi da ɗaliban da ke zuwa mana sanin makamar aiki, muka sake buga jagororin nan kalma bayan kalma, kowanne ya zama shafi mai zaman kansa. Babu wanda ya zo ya yaba, domin a ido shafin ya ma rage ado. Amma a duk abin da muka yi, babu aikin da ya kai wannan amfani. Fosta ba mu kore ta ba, tana da gurbinta a WhatsApp, sai dai duk abin da ke cikinta dole a maimaita shi da rubutu a ƙarƙashinta.

Hotunan da suka rage kuma muka koyi yi musu bayanin da ke ɓoye a bayansu, wanda manhajar makafi ke karantawa, wanda kuma ke bayyana idan hoton ya ƙi buɗewa saboda raunin sabis. A nan ma akwai iyawa. Rubuta “hoton masara” bai faɗi komai ba. Abin da ake so shi ne a faɗi dalilin da ya sa aka saka hoton: ganyen masara mai ramuka a jere, da kashin tsutsa ya taru a tsakiyar tsiron. Hoton da aka saka don ado kawai, sai a bar bayaninsa fanko, don manhajar ta tsallake shi ba tare da ta ɓata wa mai sauraro lokaci ba.

2. Wayar mai ziyara ita ce ma'auni.

Wanda ke gina shafi yana da kwamfuta mai ƙarfi da intanet na ofis. Wanda ke buɗe shi yana riƙe da itel ko Tecno da ta ga jiya ta ga yau, ma'ajiyarta a cike, sabis na zuwa yana ɗaukewa, kuma datar ɗari biyu ya saya da safe. Shafin farko namu yana da hotuna masu zamewa da aka ɗora kai tsaye daga kamara, kowanne da nauyin megabayit da yawa, ga bidiyon jawabin shugaba da ke kunna kansa. Mutum ya zo neman lokacin zuba taki, kafin ya ga kalma ɗaya an cinye masa kuɗi. Ni a wajena wannan ya wuce maganar fasaha, ya shiga maganar haƙƙi. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, nauyin haƙƙin ya ƙaru.

Masu bin diddigin shafukan duniya a HTTP Archive sun nuna cewa matsakaicin shafi yau ya haura megabayit 2, kuma hotuna ne ke cin kaso mafi girma. Mu sai muka bi ta baya. Muka cire hotuna masu zamewa gaba ɗaya, muka rage girman sauran zuwa faɗin da waya ke buƙata, muka mayar da su WebP, muka sa na ƙasa su jira sai an gangaro kansu kafin su sauko. Bidiyon ya koma shafinsa, sai wanda ya so ya latsa. A cikin WordPress, manhajar da aka gina shafin a kanta, kuma muka tarar da ƙananan manhajoji da aka liƙa tun shekarun baya, an daina amfani da su amma suna nan suna nauyaya kowane shafi.

Akwai wata matsala da sai a ƙaramar waya ake ganinta. Rubutu ya riga ya bayyana, mutum ya kai yatsa zai latsa lambar waya, sai hoton sama ya sauko ya ture komai ƙasa, yatsa ya faɗa kan wani abin daban. Gyaranta shi ne a faɗa wa burauza tsawo da faɗin kowane hoto tun farko, ta tanadar masa wuri. Google ya saka irin wannan tsalle-tsalle cikin ma'aunan da ya fitar a 2020, tare da sharaɗin cewa babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Kuma zuwa 2023 ya kammala komawa duba shafuka ta fuskar waya, wato abin da waya ke gani shi yake ɗauka a matsayin shafinka.

Na sayi tsohuwar waya ta hannu na ajiye domin wannan aiki. Idan hanya ta kai ni kasuwar Giwa, nakan tsaya in buɗe shafin a cikinta, da Chrome da kuma Opera Mini, wadda ke matse shafuka kafin ta kawo su, shi ya sa wasu jerin zaɓuɓɓuka masu ado ba sa buɗewa a cikinta. Abin da ya yi aiki a can, zai yi aiki ko'ina.

3. Rana tana cinye launi mai haske.

Masu zane suna son rubutu ruwan toka a kan fari, ko fari a kan kore mai haske, tunda kore launin noma ne. A inuwar ofis yana karantuwa. Manomi kuwa a tsakiyar rana yake dubawa, gilashin wayar a tsage, ya kuma rage hasken allo don batir ya kai shi dare. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C ta fara fitarwa a 1999, sun tanadi cewa bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, ko 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Cibiyar WebAIM ta Amurka tana duba shafukan farko miliyan ɗaya kowace shekara tun 2019, kuma kullum sama da kashi 90 cikin ɗari na faɗuwa, raunin launi ne a kan gaba. Gyaransa bai ɗauke mu yini guda ba. Jadawalinmu na shuka da ke nuna lokacin da ya dace da kore, wanda bai dace ba da ja, muka ƙara masa kalmomi, domin akwai waɗanda idonsu ba ya rarrabe launukan biyu.

4. Kada ka yi wa makaho hasashe, zauna kusa da shi.

Wani malamin makaranta makaho, wanda ya girme ni sosai, yana kiwon kaji a bayan gidansa. Ya zo ofishinmu neman jadawalin rigakafin 'yan tsaki, ranar da ake ba da Gumboro da ranar Lasota. Na ce masa ai yana shafinmu. Ya yi murmushi ya ce, “Ƙanena, na shiga. Zo ka ji abin da nake ji.”

Ya fito da wayarsa ya kunna TalkBack, manhajar da ke karanta masa allo. Muryar tana gudu da saurin da ban iya tsintar komai ba, sai da ya rage ta domina. Abu na farko da na gane shi ne ba ya sauraron shafi daga sama har ƙasa. Tsalle yake yi daga kanu zuwa kanu, kamar yadda mai gani ke wurga ido ya tsaya inda yake so. A shafinmu babu kanu ko ɗaya da na'ura ta sani, domin an ƙara wa rubutun girma da kauri ne kawai, ba a yi masa alamar kanu a HTML ba. Don haka dole ya bi dogon jerin zaɓuɓɓukan sama, ɗaya bayan ɗaya, a kowane shafi, kafin ya iso ga magana. Da ya koma bin mahaɗai, sai muryar ta riƙa cewa latsa nan, latsa nan, latsa nan, babu mai faɗin inda za shi. Maɓallin bincike hoton madubi ne marar suna, muryar ta ce maɓalli kawai. Jadawalin da ya zo nema kuwa hoto ne.

Na ce, “Allah gafarta Malam, yanzu da me ya kamata mu fara?” Ya ce, “Ku sa wa kowane abu sunansa. Sauran ni zan iya.”

Wannan muka yi. Kowane shafi ya samu babban kanu ɗaya da ƙananan kanu a ƙarƙashinsa bisa tsari. Mahaɗai suka koma faɗin kansu: jadawalin rigakafin kaji, fom ɗin neman horo. Muka saka mahaɗi a can sama da ke tsallake jerin zaɓuɓɓuka ya kai mutum cikin magana kai tsaye. Jadawali ya zama jadawali na gaskiya mai kanun layi da na ginshiƙi, yadda muryar za ta ce mako na kaza, rigakafi kaza. Ya kuma koya mini gwajin da kowa zai iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba: ka ajiye linzamin kwamfuta, ka bi shafinka da maɓallin Tab kaɗai. Idan ka kasa gane inda kake, ko ka shiga wani akwati ka kasa fita, to haka yake ga makaho, haka yake ga wanda shanyewar ɓarin jiki ko rawar hannu ta hana riƙe linzami.

A kwamfutarsa NVDA yake amfani da ita, manhajar kyauta da wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006, domin irinta ta saye ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan makafi. Hausarmu da muryar Turanci take karanto masa, kunnensa ya saba har yana gyara ta a zuci. Na yi ta tunanin irin ƙoƙarin da wannan bawan Allah ke yi don ya iso ƙofarmu, mu kuma abin da ke kanmu bai taka kara ya karya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum biliyan 1.3, kimanin kashi 16 cikin ɗari na jama'ar duniya, ke rayuwa da wata babbar nakasa. A Najeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman a watan Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. A wasu ƙasashen maganar shafuka ta daɗe da shiga shari'a: wani makaho, Bruce Maguire, ya yi ƙarar masu shirya wasannin Olamfik na Sidni saboda shafinsu, ya yi nasara a shekarar 2000, aka ba shi diyyar dalar Ostareliya 20,000. Ban so mu jira sai doka ta tilasta mana, amma ya kamata mu san cewa abin da muke kira taimako, a wajen wasu haƙƙi ne da ake karɓa.

5. Amsa tambayar da bakin mai tambaya.

Tun da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Najeriya a 2016, babu abin da manoma ke tambaya kamar maganinta. Muna da cikakken bayani a kanta, amma kanunsa shi ne rahoton kwamitin fasaha kan ƙwarin amfanin gona, kashi na biyu. Babu manomin da zai rubuta haka a Google. Abin da zai rubuta shi ne maganin tsutsar masara. Da muka yi rajistar shafin a Search Console, wanda Google ke bayarwa kyauta, muka fara ganin ainihin kalmomin da mutane ke bugawa. Wannan jeri ya zame mini makaranta. Muka sauya kanun shafuka zuwa tambayoyin jama'a, muka kawo amsa a sakin layi na farko, tarihin kwamiti da godiya ga masu tallafi suka koma ƙasa. Ba yaudarar inji ba ce. Mai karatu ma a waya ba ya bin rubutu daga farko, wurga ido yake yi, idan bai ga abin da ya kawo shi ba ya fita.

A jerin ne kuma na lura cewa masu shigowa daga Sakkwato da Maraɗi da Damagaram sukan ce hatsi suna nufin gero, don haka inda ya dace muna ambaton duka biyun a cikin bayani. Muka kuma raba Hausa da Turanci, kowanne da shafinsa, domin Google daga rubutun da ke bayyane yake gane harshen shafi, kuma cakuɗa su na rikita shi kamar yadda yake gajiyar da mai karatu.

Masu cewa za su kai ka shafin farko na Google cikin mako guda sun sha zuwa mana. Kayan sana'arsu tsofaffi ne: cusa kalmomi a ɓoye, da sayen mahaɗai daga shafukan banza. Google ya bayyana tun 2009 cewa ba ya duba akwatin kalmomin da ake ɓoyewa a kan shafi, kuma tun sauyin da ya kira Penguin a 2012 sayen mahaɗai ya zama abin da ka iya cutar da mai shi. Abubuwan da ke aiki ba su da armashi: taswirar shafuka da ake miƙa wa injin, adireshi gajere mai ma'ana, gyara mahaɗan da suka mutu, da makullin HTTPS, wanda Google ya fara la'akari da shi a 2014, Chrome kuma ta fara yi wa marasa shi tambarin rashin tsaro a 2018. Let's Encrypt na bayar da makullin kyauta.

Wani abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa da takaici a lokaci guda shi ne, a Hausa fagen a buɗe yake. Tambayar da shafuka dubbai ke rububinta da Turanci, da Hausa sai ka tarar da biyu ko uku, wasunsu ma fassarar inji ce marar kai. Duk wanda ya zauna ya rubuta amsa ta gaskiya da Hausa mai kyau, ba ya shan wahala kafin a same shi. Ilmin yana nan wajen mutanenmu, a kulle cikin hotuna da saƙonnin murya.

6. Rubuta ƙugiya, amma ka yafe wa wanda bai rubuta ba.

Wasu tsofaffin takardunmu an buga su da wani salon haruffa na da, wanda ya ari gurbin wasu alamomi ya zana ɓ da ɗ da ƙ a kansu. A kwamfutar da ke da salon suna fitowa daidai, a ko'ina kuma sai tarkace. Yau waɗannan haruffa suna da gurbinsu a Unicode, allon rubutun waya na Gboard na da su, kuma salon haruffa irin su Noto na Google da Andika na SIL suna zana su da kyau. Sai dai a gwada kafin a zaɓi salo, domin da yawa ba su da su, sai ka ga akwati ko wani harafi daban a tsakiyar kalma. Akwatin binciken cikin shafinmu kuwa ya ɗauki k da ƙ a matsayin haruffa biyu da ba su san juna ba, alhali mafi yawan mutane ba sa saka ƙugiya a waya. Mai neman ƙwari ya rubuta kwari, aka ce masa babu. Muka sa akwatin ya daidaita su, haka ma 'y ta Najeriya da ƴ ta Nijar. A adireshin shafuka kuma ba ma saka ƙugiya, don kada ya rikiɗe zuwa lambobi idan an tura shi ta WhatsApp.

7. A wajen fom ake rasa mutane.

Matashi ya samo mu, ya karanta, ya yanke shawarar neman horo. Sai fom ya tare shi. Namu an ɗauko shi ne daga wani tsari na waje aka fassara sunayen gurabe kawai. Yana ƙin karɓar suna mai alamar hamza, yana cewa an saka harafin da bai halatta ba, ke nan duk Mu'azu da Sa'adatu da Rabi'u sai sun ɓata sunansu kafin su wuce. Ya wajabta imel, wanda da yawa ba su da shi ko sun manta kalmar sirrinsa tun ranar da mai shagon waya ya buɗe musu. Ya wajabta lambar gidan waya. Lambar waya idan ta fara da sifili ya ƙi, idan da +234 ya ƙi, ta Nijar mai lamba 8 kuwa bai ma san da ita ba. Mafi ciwo, idan aka yi kuskure ɗaya sai ya goge komai, ya ja jan layi ba tare da ya faɗi laifin ba. A ƙarshe ga gwajin tabbatar da cewa kai mutum ne, da karkatattun haruffa waɗanda makaho ba shi da hanyar wucewa.

Muka zauna da ma'aikaciyar da ke karɓar takardun, na tambaye ta, “Hajiya, a cikin guraben nan wanne kike dubawa?” Ta ƙirga su da yatsun hannu ɗaya: suna, lambar waya, ƙaramar hukuma, sana'ar da ake so. Sauran an saka su ne don an ga wasu sun saka. Muka cire su. Ita ce kuma ta tunatar da ni cewa mata da yawa da wayar miji ko ta ƙane suke cikewa, don haka kada fom ya hana lamba ɗaya neman gurbi fiye da sau ɗaya, kuma a ƙara gurbin faɗin wanda za a nema idan an kira. Da ni kaɗai ne, da ban taɓa tunanin wannan ba.

Kowane gurbi ya samu sunansa a samansa, wanda ba ya ɓacewa idan an fara rubutu. Saƙon kuskure ya koma faɗin abin da ya faru da yadda za a gyara, da Hausa. Maɓallai muka ƙara musu girma. WCAG 2.2 ta 2023 ta ce kada su gaza fiksel 24 a tsawo da faɗi, amma yatsan da ya sha fartanya yana buƙatar fiye da haka. Jakob Nielsen, wanda ya daɗe yana nazarin yadda mutane ke amfani da shafuka, ya nuna tun 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan tono mafi yawan matsaloli. Mun gwada da masu zuwa ofis, mu miƙa musu waya mu yi shiru. Shirun ne mai wuya, domin da zarar ka ga mutum ya rikice, hannunka zai so ya nuna masa.

8. Na'ura na ƙirga kurakurai, ba ta san ma'ana ba.

Manhajojin gwaji irin su Lighthouse da ke cikin Chrome da WAVE na WebAIM suna da amfani, suna nuna hoton da ba shi da bayani da launin da ya yi rauni. Amma hoton da aka rubuta wa “hoto” a matsayin bayani zai wuce gwajinsu lafiya. Akwai kuma masu sayar da wani ɗan maɓalli da ake liƙawa a gefen shafi, su ce shi kaɗai zai gyara komai. Makafi da yawa sun koka da irinsa, kuma a 2025 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa wani kamfani mai sayar da shi ya biya dala miliyan 1 saboda alƙawarin da ya wuce gaskiya.

Gyara kuma ba ya zama inda aka bar shi. Sabon ma'aikaci zai zo, sanarwa ta gaggawa ta taso, ya ɗora fosta ya tafi, ba don mugunta ba, don haka kowa ke yi. Shi ya sa muka rubuta 'yan tambayoyi a takarda ɗaya muka manna kusa da kwamfutar ofis: an rubuta abin da ke cikin hoton, an rage nauyinsa, kanun ya faɗi abin da mutum zai nema, an buɗe a tsohuwar wayar. Duk wanda aka ba makullin shafi, da ita ake fara koya masa.

Akwai waɗanda har yanzu ba mu kai gare su yadda ya kamata ba. Manoma da yawa ba sa karanta boko, wasu ajami suka iya, wasu kuma da kunne suke ɗaukar ilmi, kamar yadda rediyo ya saba musu. Mun fara ɗora karatun kowane jagora da murya a saman shafinsa, fayil ƙarami da ba ya kunna kansa, wanda za a iya saukewa a tura wa maƙwabci. Bidiyoyin horo kuma muna bin su muna rubuta abin da aka faɗa a ƙasansu saboda kurame, kuma rubutun nan shi ne Google ke samu ya kawo mana masu neman yadda ake haɗa abincin kaji. Jagororin kiwo mun gama karanta su, na noman rani ne ke gabanmu kafin kaka ta wuce.